Aksis da Aksiyal: Tarihin Kalmomin a Ilimin Jikin Ɗan Adam

Aksis kalmar Latin ce. A bakin Rumawa tana nufin sandar da ke ratsa tsakiyar ƙafafun amalanke, wadda ƙafafun ke juyawa a kanta ita kuwa tana nan daram. 'Yar'uwarta a Girkanci ita ce akson. Daga amalanke masana taurari suka ɗauke ta, suka raɗa wa layin da suke ƙiyastawa sararin sama na kewayawa a kansa. Har yau haka ake kiran layin da duniya ke juyi a kansa, wanda ya karkace da kimanin digiri 23.4. Aksiyal kuwa sifa ce: abin da ke kan wannan layi ko ya danganci shi.

A jikin mutum kalmar ta fi zama a wuya. Ƙasusuwan wuya bakwai ne, a mutum da rago har da raƙumin dawa. Na farko zobe ne da ke ɗauke da ƙoƙon kai, aka sa masa suna atlas saboda wani ƙato na tatsuniyoyin Girkawa da aka ce yana ɗauke da sama a kafaɗa. Na biyu shi ne aksis. Duk wanda ya tsaya gun mahauci ana sassara wuyan rago zai iya ganinsa: ƙashi ne mai wani tsiro a gaba da ke shigewa cikin zoben na farko. A mutum tsiron yana tsaye kamar turke, wata jijiya mai ƙarfi ta ɗaure shi ta baya don kada ya danne laka. Likitocin dā sun ga ya yi kama da haƙori, shi ya sa har yanzu sunansa dens, wato haƙori da Latin. Idan mai salla ya yi sallama dama da hagu, kusan rabin juyin kansa a wannan mahaɗa yake faruwa. Gyaɗa kai sama da ƙasa kuwa aikin mahaɗar da ke tsakanin atlas da ƙoƙon kai ne.

Sunan bai zauna da wuri ba. An daɗe ana kiran ƙashin na biyu efistrofiyus, kalmar Girkanci mai nufin "mai juyawa", kuma da ita ya shiga jerin sunayen da masana suka amince da shi a birnin Basel a 1895. Sai a jerin birnin Faris na 1955 aka tsayar da aksis. Gyaran ya yi daidai ƙwarai, domin ƙashin na biyu ba shi ke juyawa ba: atlas ne ke kewaya haƙorinsa, kamar yadda ƙafar amalanke ke kewaya sandarta.

Daga ƙashi ɗaya ma'anar ta faɗaɗa zuwa layin da ke ratsa jiki daga tsakar kai zuwa ƙasa. Ƙasusuwan da ke kan wannan layi su ake kira ƙwarangwal na aksiyal, kuma a baligi guda 80 ne cikin 206: na kai 22, ƙananan na cikin kunne 6, ɗaya a ƙarƙashin harshe, 26 na gadon baya, haƙarƙari 24, da ƙashin ƙirji. Sauran 126 na hannuwa da ƙafafu ne tare da kafaɗa da ƙugu, waɗanda ke rataye a jikin ƙwarangwal na aksiyal. Akson ta Girkanci ma ta sami gurbi, inda Albert von Kölliker ya sa wa dogon zaren ƙwayar jijiya wannan suna a 1896.

Inda ɗalibai suka fi rikicewa shi ne a hoton asibiti. Mutum zai zaci yankan aksiyal yana bin tsawon jiki. A'a, gittawa yake yi, kamar yadda ake yanka rake gunduwa-gunduwa, ya raba sama da ƙasa. Sunan ya zo ne daga cewa ana kallon jikin ta tsawon layin, na'urar ɗaukar hoto kuma tana kewaya shi. Wannan ma'ana ta bazu bayan da Godfrey Hounsfield, injiniya a kamfanin EMI, ya ƙera na'urar CT, aka fara ɗaukar hoton kan wata majinyaciya da ita a asibitin Atkinson Morley na Landan a 1971. Harafin A da ke cikin tsohon sunanta, CAT, aksiyal yake nufi. A 1979 Hounsfield da Allan Cormack suka karɓi kyautar Nobel saboda ƙirƙirar CT. Likita yana duba irin wannan hoto kamar yana tsaye a wajen ƙafafun majinyacin da ke kwance rigingine, don haka damar majinyaci take fitowa a hagun hoton.