Aji Mai Faɗin Ƙasa Guda: Tarihin Makarantar Rediyo A Dajin Ostireliya

A tsakiyar ƙasar Ostireliya akwai gari mai suna Alice Springs, a garin kuma akwai wata makaranta da ɗalibanta ba sa zuwa aji. Suna warwatse ne a gandayen kiwon shanu, da ƙauyukan 'yan asalin ƙasar, da wuraren ya da zango na bakin manyan hanyoyi, a cikin fili mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1.3, wato ya ɗara Jamhuriyar Nijar kaɗan. Yaran ba su cika wuce ɗari da 'yan kai ba, wani kuma tsakaninsa da malaminsa ya haura kilomita dubu. Da safe kowa zai kunna kwamfuta a gidansu, malama ta bayyana a allo, ta kira suna, a shiga darasi. Wanda ya ga haka zai ɗauka sabon yayi ne da intanet ta zo da shi. Alhali an buɗe makarantar tun ranar 8 ga Yuni, 1951, tushenta kuma ya girmi wannan rana da kusan shekara arba'in.

Cikin wannan doguwar tafiya kayan aiki sun sauya sau biyu: daga jakar wasiƙu zuwa rediyo, daga rediyo zuwa tauraron ɗan Adam. Mutum ɗaya ne ba a taɓa iya cirewa daga tsarin ba, wato babban da ke zaune kusa da yaro a gida, wanda galibi mahaifiyarsa ce.

Da wasiƙa aka fara. A shekarar 1914 hukumar ilimi ta jihar Victoria ta sami takarda daga wani gida a yankin Beech Forest, inda iyaye ke neman a taimaka musu da karatun 'ya'yansu maza biyu, domin babu makaranta kusa da su. Ɗaliban kwalejin horar da malamai ta Melbourne suka ba da kansu, suna rubuta darussa da hannu suna aikawa ta gidan waya, yaran su yi aikin su mayar, a gyara a sake aikawa. Labari ya bazu, wasu iyayen suka biyo baya. New South Wales ta fara nata tsarin a 1916, Ostireliya ta Yamma a 1918, ta Kudu a 1920, Queensland a 1922. Makarantar Blackfriars da ke Sydney ta yi suna a wannan fage, har ta kai tana da dubban ɗalibai da malamansu ba su taɓa ganin fuskarsu ba.

Karatun wasiƙa yana da wahala. Ƙunshin darasi yakan yi makonni a hanya. Kafin jirgin ƙasa ya isa Alice Springs a 1929, ayarin raƙuma ne ke kai kaya da wasiƙu daga Oodnadatta, masu jan raƙuman kuma galibi Musulmi ne da suka zo daga Afganistan da yankunan Indiya ta wancan zamani. Idan damina ta yi ƙarfi a arewacin ƙasar hanyoyi sukan yanke. Yaro zai yi kuskure a lissafi yau, gyaran malami ya iso bayan wata guda, lokacin ya manta ma abin da aka tambaye shi. Dole uwa ta cike giɓin. Ita ke buɗe ƙunshin, ta karanta umarnin malami, ta koya wa yaro baƙi da wasali a teburin cin abinci, ga girkin ma'aikatan gandu yana jiranta, ga jariri, ga lissafin kuɗin gida. Da yawa daga cikinsu su ma karatun nasu bai yi nisa ba. Masu hali sukan ɗauko wata budurwa daga birni ta zauna da su a matsayin malamar gida, al'adar da har yau tana nan.

Rediyo ta shigo ne ta ƙofar asibiti. Wani limamin Kirista, John Flynn, ya daɗe yana ganin yadda mutanen daji ke mutuwa da ciwon da likita zai iya warkarwa da yana kusa. A 1928 ya kafa tsarin likita mai tafiya a jirgin sama a garin Cloncurry na Queensland. To amma ta yaya wanda doki ya kayar a nisan kilomita ɗaruruwa zai kira likitan? Wani injiniya, Alfred Traeger, ya warware matsalar da akwatin rediyo mai aikawa da karɓa, wanda ke samun wuta daga ƙaramin janareto da ake juyawa da feda irin ta keke. An kafa na farko a gandun Augustus Downs a 1929. Da farko sai da bugun tangarahu, daga baya aka koma magana baki da baki. Tun da maza na can wurin shanu wuni guda, mata ne suka ƙware a kan akwatin, har aka ware musu lokaci a kullum na gaisawa da hira da maƙwabtan da ke nesa.

A tsakiyar shekarun 1940 wata tsohuwar mai duba makarantu daga birnin Adelaide, Adelaide Miethke, ta ziyarci yankin Alice Springs a matsayinta na jigo a hukumar likitocin jirgin sama. Abin da ya taɓa mata zuciya shi ne halin da ta ga yaran daji a ciki. Sun iya hawan doki, wasu sun iya karatu, amma in sun ga baƙo sai su noƙe, magana ta gagare su, domin ba su saba da kowa ba sai 'yan gidansu. Ta yi tunanin cewa akwatin da ke kiran likita zai iya kiran malami, kuma zai sa yaro ya ji muryar sa'o'insa. Ta yi ta bibiyar hukumomi shekara da shekaru. A 1950 aka yi gwaji, a shekarar da ta biyo aka buɗe makarantar da suka sa wa suna School of the Air, ana watsa darussan rabin awa sau uku a mako daga tashar likitocin. Da fari malami ne kawai ke magana, ba da daɗewa ba aka ba yara damar tambaya da amsawa.

Sauran yankuna suka ɗauka. Broken Hill ta buɗe tata a 1956 ƙarƙashin malama Phyllis Gibb, Port Augusta a 1958, Meekatharra a 1959, Katherine a 1966. Sunan makarantun ya kai duniya, har Yarima Charles da Gimbiya Diana suka zauna gaban makirufo a Alice Springs a 1983 suna amsa tambayoyin yara.

Yadda darasin ke gudana abin sha'awa ne. Kafin lokaci uwa za ta tabbatar batir ya cika, ta murɗa akwati har ta kamo tashar. Malama ta kira suna ɗaya bayan ɗaya, muryoyi su riƙa fitowa cikin ƙugin iska, wata kusa wata can nesa. Idan ta yi tambaya, duk wanda ya san amsa sai ya danna makirufo ya faɗi sunansa, ita kuma ta zaɓi ɗaya, a madadin ɗaga hannu. A haka suke rera waƙa tare, suke wasan kwaikwayo kowa da rawarsa, suke taya wanda ya ƙara shekara murna. Ranar da hadari ya taso ko iskar ƙura ta turnuƙe, muryar malama takan ɓace gaba ɗaya, uwa ta ɗauki littafi ta ci gaba daga inda aka tsaya. Ko a ranar da komai ya tafi daidai, rediyo rabin awa ce kawai. Sauran awoyin karatu duk a hannun uwa suke, tana bin takardun da aka aiko.

Darasin da ya fi nuna nauyin da ke kanta shi ne ilimin zamantakewa, wanda ya haɗa tarihi da labarin ƙasa da sanin hukuma. Manhajar Ostireliya ta yau tana fara wa yaro da tarihin iyalinsa da wurin da yake zaune, a aji huɗu ta kai shi ga aikin ƙaramar hukuma, a aji shida ga yadda yankunan mulkin mallaka suka haɗu suka zama tarayya a 1901. Yaron birni yana ganin ɗan sanda da motar kwasar shara da ofishin hukuma a hanyarsa ta zuwa makaranta. Yaron gandu yakan yi watanni bai ga ko ɗaya ba. Saboda haka uwa ce ke juya darasin ya dace da duniyarsa. In an ce a zana taswirar unguwa, sai su zana gida da shingen shanu da rijiyar burtsatse da filin saukar ƙaramin jirgi, su sa alamar gabas da yamma. In ana maganar masu yi wa jama'a hidima, ta nuna masa matuƙin jirgin da ke kawo wasiƙu da mai gyaran hanya da likitan da ke sauka daga sama. In ana maganar yanayi, ga ma'aunin ruwan sama nan a tsakar gida da littafin da ake rubuta abin da aka samu kowace shekara, wani tun zamanin kakanni.

Akwai kuma tambayar da darussan farko suka yi wa shiru: su wa ke zaune a wannan ƙasa kafin zuwan shanu? Garin Alice Springs yana kan ƙasar mutanen Arrernte ne, su kuma Mparntwe suke kiransa. A shekarun da ake kafa makarantun rediyo, 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da iyayensu ke aiki a gandayen ba su cika samun wannan gata ba, wasu ma hukuma ce ta raba su da iyayensu da ƙarfi, zaluncin da gwamnatin ƙasar ta fito ta nemi gafara a kansa a 2008. Yanzu tarihinsu da al'adunsu suna cikin manhaja, 'ya'yansu kuma suna cikin ɗaliban makarantar.

Malaman sun gane tun da wuri cewa murya kaɗai ba ta isa ta koya wa yaro zama da mutane. Shi ya sa malami kan ɗauki mota mai ƙarfi ya yi doguwar tafiya ya kwana a gidan ɗalibinsa, ya ga inda yake karatu, ya zauna da uwar su duba inda ake samun tangarɗa. Sau da yawa a shekara kuma akan tara yaran a gari na mako guda, su zauna a aji na gaske, su yi layi, su yi gasar guje-guje, su yi faɗa su shirya. A irin wannan haɗuwa ake yi wa iyaye mata da malaman gida bita kan dabarun koyarwa.

Iyayen ba su tsaya jiran tausayin hukuma ba. A 1971, lokacin da fari da faɗuwar farashin gashin tumaki suka durƙusar da makiyaya, ɗakin kwanan ɗalibai na garin Bourke ya fuskanci rufewa. Iyaye suka taru a garin suka kafa ƙungiyar iyayen yaran da ke nesa da makaranta, wadda ake kira ICPA a taƙaice. Bayan shekara biyu, a 1973, gwamnatin tarayya ta fito da tallafin kuɗi na musamman ga irin waɗannan yara. Ƙungiyar ta daɗe kuma tana neman a ba mai koyar da yaro a gida alawus, tana mai cewa mace takan ajiye aikinta da sana'arta shekaru da dama don ta yi aikin da malami ke karɓar albashi a kansa a birni.

Daga 2003 makarantun suka fara komawa intanet ta tauraron ɗan Adam, cikin 'yan shekaru akwatunan rediyo suka koma gidan tarihi. Yanzu yaro yana ganin fuskar malamarsa da ta 'yan ajinsu, yana nuna zanensa a kyamara, aikin da a da yake wata a hanya yana isa nan take. A 2015 aka harba tauraron Sky Muster domin inganta intanet a yankunan karkara, wata yarinya 'yar shekara shida, ɗalibar makarantar Alice Springs, ce ta zaɓa masa suna. Duk da haka aikin uwa bai ragu ba, sai ma ƙari da ya yi. Ban da koyarwa, ita ke buga takardu, ta ɗauki hoton aikin yaro ta tura, ta lallaɓa na'ura idan ta ƙi, ta kuma tsare ɗan shekara bakwai a gaban allo alhali yana jin haniniyar dawaki a waje.

An gwada ƙarfin waɗannan iyaye a Disambar 2017, sa'ad da gwamnatin Ostireliya ta Yamma ta sanar za ta rufe irin waɗannan makarantu nata biyar na Carnarvon, Kalgoorlie, Kimberley, Meekatharra da Port Hedland don rage kashe kuɗi. Iyaye da tsoffin ɗalibai suka yi caa, suka yi zanga-zanga, suka tara sa hannu. Kafin Janairu ya ƙare gwamnati ta janye shawarar.

Wannan tarihi ba baƙo ba ne ga ƙasar Hausa. Hukumar ilimin makiyaya ta Najeriya, wadda aka kafa a 1989 da hedikwata a Kaduna, ta daɗe tana amfani da rediyo don isa ga mutanen ruga. Da annobar korona ta rufe makarantu a Maris na 2020, jihohi irin su Kano da Kaduna sun koma watsa darussa ta rediyo da talabijin, nauyin bibiyar yara kuma ya faɗo kan iyaye da yayye ba tare da an shirya su ba. Abin da Ostireliya ta koya cikin shekara fiye da ɗari shi ne, watsa darasi somin-taɓi ne kawai. Sai an haɗa da takardun aiki da ke isa gida, da malamin da ke gyara aikin yaro ya mayar masa, da ziyara, da haɗuwar yara lokaci-lokaci, da horar da wanda ke zaune kusa da yaron. Duk hukumar da ke shirin koyar da 'ya'yan makiyaya, ko na sansanonin gudun hijira, ko na ƙauyukan da rashin tsaro ya rufe musu makaranta ta rediyo ko waya, ya kamata ta sa horar da iyaye mata da tallafa musu a cikin kasafinta tun daga ranar farko.