Daga Meksiko 1968 zuwa agogon hannu: yadda 'yan tsere suka koyi tambayar zuciya

Masu ɗaura agogon nan da ke auna bugun zuciya, ku matso, akwai tarihi a bayan lambar da yake nuna muku da safe.

A gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meksiko, mai tsayin kusan mita 2,240 daga teku, Ron Clarke na Ostireliya ne ke riƙe da kambun duniya a tseren mita 10,000. Ya ƙare na shida, ya yanke jiki ya faɗi, sai da aka sa masa iskar oksijin. Naftali Temu na Kenya ne ya yi na ɗaya. Kipchoge Keino ya kayar da Jim Ryun a mita 1,500, Mamo Wolde na Habasha ya cinye gudun famfalaƙi. Duk 'ya'yan tsaunuka ne. Daga nan fa kowa ya tattara ya nufi dutse.

Hikimar a fili take. A can sama ƙarfin iska kaɗan ne, oksijin da ke shiga jini ya ragu, sai ƙoda ta saki sinadarin EPO, jiki ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Matsalar ita ce mutum ba ya iya gudu da saurin da ya saba, ga barci ba daɗi, ga gajiya da ba ta saki da wuri. A 1997 Benjamin Levine da James Stray-Gundersen suka fito da mafita daga gwajin da suka yi a jihar Utah ta Amurka: a kwana a mita 2,500, a sauko mita 1,250 a yi atisaye. Amma ko a cikin waɗanda aka gwada, wasu sun ƙaru, wasu kuwa sun dawo yadda suka tafi, har da waɗanda suka ja baya. Dutse ɗaya, jadawali ɗaya, jiki daban-daban. To ta yaya koci zai gane wanda dutsen ke cinyewa tun kafin a yi asarar wata guda?

Amsar ta fito daga wajen filin wasa. Zuciya ba agogo ba ce. Idan tana bugu 60 a minti, ba wai kowane daƙiƙa ɗaya cif ba, tazarar takan ɗan ƙaru, ta ɗan ragu. Abin mamaki, jikin da ya huta shi ne mai yawan wannan bambanci. Idan gajiya ta taru, sai bugun ya koma tamkar faretin soja. Likitocin haihuwa sun lura da haka a bugun zuciyar ɗan tayi tun shekarun 1960, Roman Baevsky kuma ya yi amfani da shi wajen duba 'yan sama-jannatin Tarayyar Sobiyet. A 1982 kamfanin Polar na Finland ya fitar da na'urar auna bugun zuciya marar waya, a 1996 likitocin zuciya na Turai da Arewacin Amurka suka tsayar da ƙa'idar awon.

A 2007 masu bincike a Oulu, Finland, suka gwada abu mai sauƙi: a auna da safe, in awon ya yi kyau a yi atisaye mai tsanani, in ya faɗi a sassauta ko a huta. Waɗanda suka bi wannan sun fi masu tsayayyen jadawali ƙaruwa a gudu. A 2018 Laurent Schmitt da Grégoire Millet da abokan aikinsu suka wallafa gwajin haɗa dabarun biyu a kan ƙwararrun 'yan tseren ƙanƙara na Faransa.

Ni dai a ganina an fara zuzuta abin fiye da kima. Kwanakin farko a dutse awon kusan kowa faɗuwa yake, don haka lambar rana ɗaya ba hujja ba ce, sai an dubi mako guda, kuma da kanka ake gwada ka, ba da abokinka ba. Mura, ƙishirwa, kai ko rigimar gida duk suna taɓa shi. Sannan ba zai gaya maka ƙarfen jininka ya yi ƙasa ba, alhali in babu shi hawan dutsen wahalar banza ce. Wannan sai gwajin jini. A Iten ta Kenya, mai tsayin kusan mita 2,400, har yau da yawa daga masu cin kofunan duniya yadda suka ji jikinsu da asuba shi ne awonsu.