Itacen Da Ya Kafa Sabo

Idan yaranmu suka tambaya me ya kawo kakanninmu Shagamu, amsar ba ta da tsawo: goro ne. Amma da yawa ba su san cewa goron da muke ci da shi, shi ma baƙo ne a ƙasar Remo kamar mu ba.

A zamanin da, fataken Kano, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, Gwanja suke zuwa sayen goro. Su ɗora wa jakuna kanwa da tufafi da fatu, su ƙetare Kwara, su bi ta Borgu har kasuwar Salaga. Tafiyar wata da watanni ce. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ƙarfin Asante ya karye, hanyar ta rikice. A 1892 kuma yaƙin basasa ya watse Salaga. Daga nan sai goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko. Marigayi Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka yi wannan safara daga Ankara. Da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912, tafiyar watanni ta zama ta kwanaki.

To, a nan ne Yarabawa suka ga kasuwa. Suna da nasu goron na gargajiya, abata, mai ɓari uku ko huɗu, wanda mutanen Arewa ba su cika so ba. Sai manoman Agege da Ota suka fara dasa irin na Gwanja mai ɓari biyu, ya bazu zuwa ƙasar Egba da Remo. Har yau "gbanja" suke ce masa, sunan Gwanja ne ya zauna a bakinsu. Inda itacen ya kama, nan Bahaushe ya sauke kaya. Haka Sabo ta kafu, da masallatanta da makarantun allo da Sarkin Hausawa.

Goro yana da wata ɗabi'a da ta taimaki ƙasar nan. Yana son inuwa da laima, don haka mai gonar goro ba ya share daji ƙarƙaf. Gonar kan zama kamar kurmi, ga manyan itatuwa, ga ganyen da muke ɗaure huhu da shi yana fitowa a ƙarƙashi. Cinikinmu ya sa aka bar itatuwa a tsaye shekaru da dama, domin itacen da ke kawo kuɗi ba a sa masa gatari.

Abin ya fara juyawa ne da kuɗin man fetur. Samari suka bar gona suka nufi Ikko. A 1978 aka buɗe babbar hanyar Ikko zuwa Ibadan, wadda ta wuce ta gefenmu. Fili ya yi daraja. Magada suka ga kuɗin fuloti ɗaya ya fi na goron shekaru, sai aka shiga sarewa ana yanka filaye, ana gina gidaje da masana'antu. Itatuwan da suka rage sun tsufa, ga kauci ya hau su, ba mai dasa sabo.

Kada mu ɗora wa masu gona laifin duka. Mu ma da namu. Fiye da shekara ɗari muna awon goro muna lodi zuwa Kano da Sakkwato da Maiduguri, amma mu nawa ne muka taɓa ba manomi kuɗin dashe? In kaka ta yi, mu matse farashi. In sankara ta kama kaya, wasunmu su zuba maganin ƙwari a kan abin da mutum zai tauna, wannan kuwa zalunci ne, ba dabara ba. Yanzu ga shi sai mun aika har Ondo da Ekiti, wani lokaci har Gana, kafin mota ta cika. Kuɗin mota ya cinye riba.

Salaga ta ishe mu wa'azi. Da goro ya sauya hanya, zangon ya watse. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin yi bai fi ƙarfinmu ba. Itacen goro kan ɗauki kamar shekara bakwai kafin ya fara 'ya'ya, shi ya sa ƙaramin manomi ke tsoron dasawa. Shugabannin 'yan goro su zauna da manoman da muka daɗe muna hulɗa da su, a ware wani abu a kan kowane kwando don sayen dashe. Cibiyar binciken koko da ke Ibadan tana aiki a kan goro ma, a je a nemi iri mai kyau. Wataƙila mu da muka manyanta ba za mu ci ribarsa ba, amma ai mu ma ba mu muka dasa wanda muka ci ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a kasuwarmu.