Daga Ayarin Gwanja Zuwa Saƙon Waya: Yadda Muke Dawowa Gida a Madarunfa

A Madarunfa da ƙauyukan da ke kewaye da tafki, da wuya ka shiga gida da rani ka tarar da mazansa sun cika. Wani yana Legas, wani yana Agadas, wani ya ƙetara Aljeriya. Tafiya gadonmu ce, dawowa ma haka. Halinmu ɗaya da Gulbin Maraɗi, wanda yake tasowa daga ƙasar Katsina, ya biyo ta Jibiya, ya shayar da fadamunmu, ya wuce Maraɗi da Tsibiri, sannan ya juya ya koma Najeriya, ƙasar da ya fito.

Ita kanta sarautar ƙasar nan begen gida ne ya haife ta. Wajejen 1807 mayaƙan jihadi suka ci Katsina, zuriyar sarakunanta suka fita gudun hijira. Bayan shekaru suna yawo, Ɗan Kasawa ya kafa mazauni a Maraɗi wajejen 1819, da niyyar a zauna kafin a koma. Magadansa, musamman Ɗan Baskore, sun yi ta kai yaƙi har kusa da ganuwar Katsina, amma komawar ba ta yiwu ba. Har gobe Sarkin Katsina ake kiran mai Maraɗi. Mu da muke zaune a kan hanyar da ta haɗa biranen biyu, tun lokacin danginmu suka rabu gida biyu, kawu a kudu, baffa a arewa.

A wancan zamani tafiyar da ake ji da ita fatauci ne. Madugu ya haɗa ayari, a ɗora wa jakuna kanwa da tufafi da fata, a nufi Gwanja, a sauka kasuwar Salaga a sayo goro. Watanni ake yi, wani lokaci shekara ta zagayo, kuma babu labari sai wanda wani ayarin ya kawo da baki. Maniyyata aikin hajji nasu ya fi haka tsanani, domin a ƙasa suke bi ta Barno da Wadai da Darfur, suna yada zango suna noma ko ƙwadago don su sami guzuri. Kafin mutum ya tashi sai ya bi dangi ya nemi gafara, don ba kowa ke dawowa ba. Da yawa sun zauna a Sudan, jikokinsu na can har yau. Shi ya sa ranar da matafiyi ya iso, guɗa ke sanar da unguwa. Ba ya shiga ɗakinsa sai ya durƙusa gaban mahaifi, kuma tsarabar da ya kawo maigida ne zai raba ta, daga manya zuwa ƙanana.

Sai Turawa suka zo da taswira. Tsakanin 1906 da 1908 jami'an Faransa da na Ingila suka bi daji suna kafa alamun iyaka, aka wayi gari Jibiya ta zama wata ƙasa. Haraji da aikin dole na Faransawa suka sa gidaje da dama suka tsallaka ɓangaren Ingilishi, inda nauyin ya fi sauƙi. Ba a soke aikin dole ba sai 1946. A tsakanin nan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, hanyar Kurmi ta buɗe. Daga nan cin rani ya ɗauki siffar da iyayenmu suka sani: a gama kaka, a cika rumbu, samari su ɗauki ƙunshi su tafi biɗa, suna ga-ruwa ko dako ko gadi, da hadari ya fara haɗowa kuma kowa ya kamo hanya don kada shuka ta wuce shi. Damina ce ke kiran mutum gida, kuma ba wanda ya isa ya ƙi amsawa. Ana dawowa da keke da rediyo da atamfa da kwanonin jere, da kuɗin haraji, da sadakin aure.

Amma ba kowace dawowa ce ta zo da kaya ba, kuma a nan ne nake ganin an gwada zumuncinmu gwaji na gaske. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin haka a Najeriya. Mutanen da suka shekara goma ko ashirin a zango suka dawo cikin manyan motoci, daga su sai tabarma, wasu da mata da ƴaƴan da ba su taɓa ganin gonar kakansu ba. Kuma gidajen da suka tarar ba su da yalwa. Farin 1973 zuwa 1974 ya kashe dabbobi, gyaɗa ta faɗi, sannan a 1984 wani farin ya haɗu da rufe iyakar da Janar Buhari ya yi, wadda ba a buɗe ba sai 1986, har mutanenmu suka raɗa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Duk da haka aka share ɗakuna, aka ƙara ruwa a fura, aka miƙa wa wanda ya dawo hauya ya shiga gandu. Yayan da ya zauna yana noma bai tambayi ƙanensa abin da ya tara ba. Gandu ne ya ɗauki wannan nauyin: gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, saboda haka wanda ya tafi bai taɓa rasa gurbinsa ba.

Wannan gandun ne ya yi ta tsinkewa a shekarun da suka biyo baya. Jama'a ta ƙaru, gado ya raba gonaki har wasu suka koma ƴan kadada, aka fara sayar da ƙasa. Mai ɗan fegin da ba zai ciyar da shi wata huɗu ba, damina ba ta da ikon kiransa. Tafiya ta ƙara nisa, ta juya arewa, ta Agadas zuwa Libiya da Aljeriya, kuma rani ɗaya ya zama shekaru. Yaƙin Libiya na 2011 ya koro dubban ƴan Nijar, bayansa kuma Aljeriya ta shiga kwaso mutane tana saukewa a bakin iyakar Asamaka.

Labari shi ma ya sake hanya. Da wasiƙa ce, malam ya rubuta da ajami ko ɗan lakwal da boko. Sai kaset, a taru a tsakar gida a ji muryar wanda ke nesa. Daga farkon shekarun 2000 wayar salula ta shigo, yanzu kuɗi na isowa ta Nita ko Al Izza kafin a gama sallar la'asar, suna da ta'aziyya duk ana yi ta WhatsApp. Alheri ne babba, ba na musu. Sai dai ni da na daɗe a waje na ga abin da waya ba ta ɗauka. Da na dawo, kwana da kwanaki na yi ina bin gida-gida ina gaisuwar waɗanda suka rasu ba na nan. Inna ta kama hannuna ta ce, "Ɗan nan, muryarka muna ji, amma ƙannenka ba su san tafiyarka ba." Ƴaƴan ƴan'uwana suna leƙe daga bayan zana, sai da aka gaya musu ni baffansu ne.

Iyakar ma ba ta daina tuna mana ƙarfinta ba. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, motoci suka yi cirko-cirko tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, masu biki da masu makoki suka koma bin hanyoyin daji a kan kabu-kabu. Ga kuma layin dogo daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, wanda aka aza tubalinsa a 2021, muna fata ya rage wa masu dawowa wahala.

Ku ƴan'uwanmu da ke Legas da Abijan da Tamanrasat, ku ci gaba da aike, Allah ya ƙara buɗi. Amma ku ware kuɗin mota ku zo da yaran tun tsofaffi na da rai, a nuna musu iyakar gonarsu da gidajen danginsu.