Lissafin Ka a Wasan Foka: Nazarin Ingancin Ƙa'idar Huɗu da Biyu

Tsakure

Maƙalar ta gwada ƙa'idar da 'yan wasan foka ke bi wajen ƙiyasta yiwuwar samun katin da suke jira, ta hanyar auna ta da cikakken lissafi. An gano cewa giɓin da ke tsakaninsu ƙarami ne a yawancin hannuwa. Babbar asarar tana zuwa ne idan aka ɗauko ƙa'idar a inda ba muhallinta ba.

Gabatarwa

Tun wasiƙun da Pascal da Fermat suka yi musaya a 1654 kan rabon kuɗin wasan da aka katse, ilimin yiwuwa yake ɗebo misalansa daga teburin caca. Von Neumann da Morgenstern ma sun yi nazarin sauƙaƙaƙƙen nau'in foka a littafinsu na 1944. Hukuncin caca sananne ne ga mai karatu, kuma ba shi ne abin dubawa a nan ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda mutum zai yi lissafin yiwuwa da ka cikin 'yan daƙiƙu, babu takarda babu na'ura.

Nau'in da aka ɗauka shi ne Texas Hold'em na Amurka. Kati 52 ne, gida huɗu, kowane gida 13. Ana ba ɗan wasa biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya: uku a karon farko, sai ɗaya, sai ɗaya. Bayan buɗin farko ya ga biyar, saura 47 da bai gani ba. Katunan da za su cika masa hannu su ne za mu kira katunan ceto. Mai huɗu 'yan gida ɗaya yana da 9. Mai huɗu a jere da za su iya cika ta kowane gefe yana da 8.

Ƙa'idar da gwajinta

Ƙa'idar, wadda Phil Gordon ya yayata, ta ce a ninka katunan ceto sau huɗu idan saura kati biyu a buɗe, sau biyu idan saura ɗaya. Abin da ya fito shi ne kaso cikin 100.

Don gwada ta sai a fara da yiwuwar rashin samu sau biyu a jere, a cire daga ɗaya. Idan n ne adadin katunan ceto, lissafin yana komawa n(93 − n) a raba da 2162, wato kusan 4.3n − 0.046n² cikin 100. Daga nan ake gane halin ƙa'idar. Ta rage 4.3 zuwa 4, ta kuma yar da sashen da ake cirewa, sai kurakuran biyu suka cinye juna a tsakanin katin ceto 6 da 7. A ƙasa da haka tana rage wa ɗan wasa kaɗan, a sama kuma tana yi masa ƙari. Da kati 4 ta ce 16, gaskiyar 16.5 ce. Da 8 ta ce 32 maimakon 31.5, da 9 kuma 36 maimakon 35. Wannan ba abin ɗaga hankali ba ne. Amma da an kai 15 sai ta ce 60, alhali 54.1 ne. Akwai gyara mai sauƙi: abin da ya haura 8 a cire shi daga sakamakon. Na 15 sai ya dawo 53, na 12 ya sauko daga 48 zuwa 44, ainihinsa kuwa 45.

Ninki biyu kullum ragi yake yi, domin kowane katin ceto ya kai 2.17 cikin 100 a buɗin ƙarshe.

Awon zubi

Sanin yiwuwa ba ya wadatarwa sai an gwada shi da farashi. A ce akwai dala 100 a tsakiya, abokin karawa ya zuba 50. Wanda zai bi shi zai sa 50 don neman 150. Hanya mafi sauri ita ce ya raba abin da zai sa da jimillar da za ta taru bayan ya sa: 50 cikin 200, kashi 25. Idan yiwuwarsa ta haura haka, bi ya fi janyewa. Zubin da ya yi daidai da kuɗin tsakiya yana neman kashi 33.3, na rabinsa 25, kuma waɗannan biyun sun cancanci a haddace su.

Inda ake tuntuɓe

Mu ba wannan ɗan wasan katin ceto 9 bayan buɗin farko. Ya ninka sau huɗu, ya samu 36, ya ga ta fi 25, ya bi. Idan abokin karawar ya riga ya zuba duk abin da ke gabansa, hukuncin daidai ne, domin za a buɗe katunan biyu ba tare da ƙarin biya ba, kuma matsakaiciyar ribarsa ta kai kusan dala 20. Idan kuwa akwai sauran kuɗi a gabansu, dala 50 ɗin kati ɗaya tak ta saya. Yiwuwar ta zama 9 cikin 47, kashi 19.1, ƙasa da 25 da ake nema. Ribar da yake hange ta koma asarar kusan dala 11.7 a kowane irin wannan bi.

A gwada giɓin biyu. Kuskuren ƙiyasi maki ɗaya ne, kuskuren muhalli kuwa ya kusa maki 17. A ganinmu masu koyar da ƙa'idar suna ba gyaran da aka ambata a sama muhimmanci fiye da yadda ya kamata, alhali tambayar da ta fi nauyi ita ce ko za a sake neman kuɗi kafin kati na biyu.

Abin da zai iya ceto wannan bi shi ne kuɗin da ake sa ran ci daga baya idan katin ya faɗo, batun da David Sklansky ya yi bayaninsa a The Theory of Poker. A misalinmu sai an ci kusan dala 211 kafin a tashi ba riba ba asara, wato ƙarin 61 a kan 150 ɗin da ke ƙasa. Sai dai wannan adadi ya dogara da halin abokin karawa, kuma kati na uku ɗan gida ɗaya idan ya bayyana a tsakiya kowa na ganinsa, mai hankali sai ya riƙe kuɗinsa.

Ƙidayar kanta ma tana da tarko. Mai jiran gida ɗaya da jere a lokaci guda ba 17 gare shi ba, 15 ne, domin kati biyu sun shiga ƙidayar sau biyu. Haka kuma katin ceton da ya yi tagwaye da wani na tsakiya yana iya ba abokin karawa hannun da ya fi nasa. Cire irin wannan guda ɗaya daga 9 yana saukar da yiwuwar kati na gaba daga kashi 19.1 zuwa 17.