Ma'aikacin jinya a Magarya da Dungas: aikin da ba a lissafa ba

A ƙauyukanmu, duk wanda ya sa farar riga ya riƙe allura, likita ake ce masa. Mutane ba su yi ƙarya ba, domin daga Wacha zuwa Dogo-Dogo ma'aikacin jinya shi ne mai duba maras lafiya, shi ne mai rubuta magani, in ungozoma ba ta nan kuma shi ke karɓar haihuwa. Da yawa daga cikin tsofaffin ma'aikatanmu a makarantar ENICAS ta Damagaram suka koyi aikin, wadda daga baya ta zama ENSP. A zamaninsu, kana fitowa gwamnati ta ɗauke ka, ta ba ka lambar ma'aikaci, ta tura ka daji.

Wannan tsari ya karye a shekarun 1990. Asusun gwamnati ya bushe, aka taƙaita ɗaukar ma'aikata, albashi ya riƙa yin watanni bai zo ba, ga faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994. Tsarin Bamako na 1987 ya sa maras lafiya ya fara biyan kuɗin magani, sai majo, wato shugaban asibitin karkara na CSI, ya zama har da mai lissafin kuɗi. Daga nan aka samu ma'aikata kashi-kashi a ɗaki guda: mai lamba, ɗan kwantaragi, ɗan bautar ƙasa, da ɗan sa-kai wanda ke aiki kyauta yana jiran ranar da za a tuna da shi. Gardi, wato aikin dare, ɗaya suke yi, amma hakkinsu ba ɗaya ba ne.

Shugaba Tandja ya gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, sannan a 2006 aka mai da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta. Ina goyon bayan wannan mataki har gobe, na ga uwayen da a da suke ɓoye yaro a ɗaki saboda rashin kuɗi sun fito. Sai dai an buɗe ƙofa ba a ƙara masu tsayuwa a bayanta yadda ya kamata ba, kuɗin da gwamnati za ta mayar wa asibitoci kuma ya riƙa makara. Idan magani ya yanke, ba minista uwa ke gani ba, ma'aikacin jinya take gani.

Tun yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki a Magarya. Duk damina, tamowa da zazzaɓin sauro na haɗuwa, kuma a 2018 sashen yara mai gado 450 ya ɗauki yara fiye da 700 a lokaci guda. Matasanmu sun ƙware sosai a can wajen neman jijiyar yaron da ya bushe da ƙarin jini, amma yawancinsu kwantaragin 'yan watanni ne, kaka na wucewa aiki ya ƙare. Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, kuma sanƙarau da ya ɓarke a jihar Damagaram a ƙarshen 2022 ita ya fi bugawa.

Tun 1977 ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta zartar a Janiba da yarjejeniya mai lamba 149 kan ma'aikatan jinya. Ta ce kowace ƙasa ta tsara manufar aikin jinya tare da wakilan ma'aikata, kuma kada hakkinsu ya gaza na sauran ma'aikata wajen awannin aiki, kuɗin ƙarin lokaci, hutun mako, hutun haihuwa da hutun rashin lafiya, a kuma inganta dokokin kariya daga haɗarin aiki. Gana da Gini sun amince da ita, Nijar ba ta yi ba, ko da yake a 2009 ta amince da yarjejeniya ta 155 kan lafiyar ma'aikata a wurin aiki. Ƙungiyarmu ta ma'aikatan lafiya, SUSAS, ta sha yajin aiki kan ɗaukar 'yan kwantaragi da alawus. Ni a ganina lokaci ya yi da za ta sa yarjejeniya ta 149 a cikin buƙatunta, domin da ita ɗan sa-kan da ke CSI na Bande zai samu takardar da zai dogara da ita idan ya nemi hutu bayan gardi.