El Sonido Nuweɓo? A'a, El Sonido Nuevo: Faifan da Masu Son Kakaki Ya Kamata Su Sani

Sunan faifan da harshen Sifaniyanci yake, ma'anarsa "sabon sauti". Ya fito a 1966 a ƙarƙashin kamfanin Verve na Amurka, haɗin gwiwar mutum biyu: Eddie Palmieri mai fiyano, haifaffen New York da iyayensa suka fito daga Puerto Rico, da Cal Tjader mai kaɗa bibrafon, wato jerin sandunan ƙarfe da ake bugawa su ba da amo kamar ƙararrawa. Salon shi ake kira Latin jazz, gamin jaz na baƙaƙen fatan Amurka da gangunan Kyuba, waɗanda tushensu Afirka ne.

Amma ni a kunnena masu faifan na gaskiya su ne masu busa turombon, musamman Barry Rogers da Jose Rodrigues.

Mene ne turombon? Ku ɗauki kakaki ku lanƙwasa shi, ku sa masa hannu mai zamewa gaba da baya. Idan mai busa ya tura hannun, bututun ya ƙara tsawo, murya ta yi ƙasa; idan ya jawo, ta hau. Kakakinmu ba shi da wannan hannu, ba shi da huda, don haka muryoyinsa kaɗan ne, sauran aikin duk na leɓe ne da numfashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Daura lokacin hawan Sallah ko Sallar Gani ya san wannan kakkaurar murya da ke shiga har ƙirji idan sarki ya fito. To irinta Rogers ke fitarwa. Ba ya lallashin kayan busar, tsawa yake yi da shi.

Yadda aka zo nan kuwa: a farkon shekarun 1960 abin yayi a New York shi ne charanga, ƙungiyar da ke amfani da sarewa da goge irin na Turawa. Palmieri ya kafa ƙungiyarsa La Perfecta, ya ajiye gogen, ya sa turombon kusa da sarewa. Yayansa Charlie Palmieri ya laƙaba wa salon suna "trombanga". Wannan ƙungiyar ce ƙashin bayan faifan. A 1967 suka sake haɗuwa da Tjader suka yi Bamboléate. Palmieri ya rasu a watan Agustan 2025.

Kada ku saurara kuna jiran baiti da amshi irin na waƙoƙin fim, kiɗa ne ke magana. Wasu wuraren bibrafon ɗin ya cika sanyi a ganina, sai turombon ta shigo ta tayar da mai gyangyaɗi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne situdiyoyinmu. Yau a Kannywood ko fim ɗin sarauta ake yi, sau da yawa fiyano ce ke kwaikwayon kakaki da algaita, alhali masu busar suna nan da ransu a Daura da Katsina da Kano. Na san kakaki na sarki ne, ba a busa wa kowa, tun zamanin Muhammadu Rumfa da tarihin Kano ya danganta shigowarsa gare shi. Amma algaita fa? Me zai hana mai haɗa kiɗa ya gayyato masu busa biyu, ya sa su gaba kamar yadda Palmieri ya yi?

In za ku nema, yana YouTube da Spotify. Ku sa abin ji na kunne, don sifikar waya tana cinye ƙasan muryar turombon.